Kumfa a kwalba ba shaidar oksijin ba ce

Wata na'urar oksijin mai lita 5 ta shafe watanni tana aiki a ɗakin yara na wata cibiyar lafiya. Tana gurnani, ƙwallon awo yana tsaye inda aka ajiye shi, ruwan kwalba yana ta kumfa, hankalin kowa kwance. Ana sa wa yara masu nimoniya robar hanci, abin awon yatsa ya ƙi hawa, sai a ce ai ciwon ne ya yi tsanani. Ranar da aka jona mata ma'aunin tsaftar oksijin, abin da take fitarwa da kaɗan ya ɗara iskar ɗaki. Da aka kwance ta, sai asiri ya tonu. Tun lokacin korona aka kawo ta, aka jibge ta a sito, damina ta zo ta wuce babu wanda ya kunna ta. Soson tare ƙura ya toshe, aka cire aka yar. Da ƙararrawa ta dami ma'aikatan dare, aka kira mai gyaran firji, ya tsinke wayar, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Ziyolait ɗin ciki kuwa, wato ƙwayoyin da ke tace oksijin, wani ya dunƙule, wani ya zama farin gari a cikin bututu.

Na'urar nan ba ta ƙirƙirar oksijin. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 oksijin ce, kashi 78 naitirojin. Kwamfireso yana matsa iska cikin tukunya mai cike da ƙwayoyin ziyolait, ƙanana kamar gero, masu ramuka da ba su kai nanomita ɗaya ba. A ƙarƙashin matsi naitirojin yana maƙalewa a bangon ramukan, oksijin ya wuce, idan aka saki matsin sai naitirojin ya fita, shi ya sa tukwane biyu suke karɓa-karɓa. Lafiyayyar na'ura tana ba da kashi 90 zuwa 95, ba ta wuce nan saboda agon, wata iska 'yar kaɗan da ke cikin iskar da muke shaƙa, yana bin oksijin. Matsalar ita ce ziyolait ya fi son ruwa a kan naitirojin nesa ba kusa ba. Danshi idan ya kama waɗannan ramuka, sakin matsi ba ya fitar da shi, sai da zafi na ɗaruruwan digiri. Kwamfireso kuwa babu ruwansa, zai ci gaba da turo iska, ƙwallo ya tashi, kwalba ta yi kumfa. Don haka duk alamun da ido ke gani suna nuna iska tana tafiya ne kawai, ba sa faɗin wace irin iska ce.

Za a ce gara wannan da babu. Ban yarda ba. In babu na'ura, an san babu, a nemo silinda ko a tura yaro babban asibiti da sauran ƙarfinsa. Na'ura matacciya mai gurnani ita ce ke sa a zauna ana jira har lokaci ya ƙure. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2015 ta sa iyaka a kashi 82, ƙasa da haka dole ƙararrawa ta yi kuka. Wanda ya tsinke wannan waya bai yi gyara ba, bakin na'urar ya toshe. Abin takaici, shi ake yabo da iya aiki, mu da muke cewa a sauke ta a sake tukwane a ce mun cika son kashe kuɗi.

Wasu kuma su ce to a koma silinda mana a huta. Silinda tana da amfaninta, musamman inda wuta ba ta tsayawa, amma tana ƙarewa da tsakar dare, kuma da yawa daga cikin injinan da ke cika ta a asibitoci da wannan ziyolait ɗin suke aiki. In na'urar busar da iska ta lalace a can, danshin nan dai shi zai kashe tukwanen. Batun tsada ma ba hujja ba ce. Ana iya sake zuba ziyolait, in dai sabo ne daga rufaffen mazubi, aka zuba da hanzari, aka danne da kyau. Amma wanda aka bari a buɗe a shago ya sha laima tun kafin ya shiga tukunya, mai sayarwa kuma ya sani sarai.

A auna tsafta da ma'auni, a rubuta lamba da kwanan wata a jikin na'urar. Kada a tsinke ƙararrawa. A wanke soso duk mako, a hunturu ma fiye da haka, kuma sai ya bushe ƙayau za a mayar, domin jiƙaƙƙen soso danshi ne kai tsaye zuwa ciki. Mai lita 5 kada a murɗa ta ta wuce 5 don a raba wa gadaje da yawa, tsaftar ce ke faɗuwa. Ta sito a riƙa kunna ta lokaci-lokaci. In ka ga farin gari a bututu, sauke ta nan take. Kada a tsinke ƙararrawa, ko da kukanta ya hana kowa barci, a kira mai ma'auni ya zo ya duba.