Darasi na Tara: Giwa da Tsutsar Tsamiya

A kudu maso gabashin birnin Bauchi akwai Gandun Dajin Yankari, wanda aka keɓe a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962. A nan giwa take, wadda ta fi kowace dabbar tudu girma. A dazukan Arewa kuma akwai wani ɗan ƙwaro mai kama da malam-buɗe-littafi, sai dai shi da dare yake fita. Tsutsarsa ce ake kira tsutsar tsamiya, domin takan ci ganyen tsamiya. Wata irinta kuma ganyen doka take ci. To, a tsakanin giwa da wannan tsutsa, wa ya fi iya zama da rani?

Girman giwa shi ne nauyin da ke kanta. Babbar giwa tana iya cin ganye da ciyawa kilo 150 a yini, ta sha ruwa fiye da lita 100. Idan rani ya tsananta, tafkuna suka ƙafe, tilas garken ya koma bakin kogin Gaji. Mafarauta masu neman haure kuwa sun san da haka.

Ita tsutsa ba ta zuwa ko'ina. Da damina sai ta ci ta ƙoshi, sa'an nan su taru da yawa su saƙa gida da zaren da ke fitowa daga bakinsu, kowace da ɗakinta. A ciki za ta kwanta, ba ci ba sha, har ta rikiɗa ta yi fukafukai. Wannan gida shi mutane suke ɗebowa, su dafa da ruwan toka, mata su kaɗa shi a mazari. Zaren da aka samu shi ne tsamiya, wanda ake yi wa babbar riga aiki da shi. Duk wanda ya taɓa ganin tsohuwar rigar kakansa mai aiki ruwan ƙasa-ƙasa, wataƙila saƙar wannan tsutsa ya gani bai sani ba.

Wajen haihuwa ma tazarar tana da yawa. Ƙwaron yana zuba ƙwai masu yawa a lokaci guda, giwa kuwa sai ta ɗauki ciki wata 22 kafin ta haifi ɗa ɗaya. Saboda haka giwa ɗaya da aka harbe ba ta da saurin mayewa. Amma a ganina tsutsar ma ba ta tsira ba: inda aka sare doka don yin gawayi, ba ta da abin ci.

Tambayoyi

1. Me ya sa giwaye suke komawa kogin Gaji da rani?
2. Bayyana yadda ake samun zaren tsamiya.
3. Dubi wannan jimla: Giwa ta fi tsutsa girma. Gina jimloli uku irinta da kalmomin nauyi, haƙuri da yawa.