Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa Ake Ba Iyaye Tallafi Don Yaransu Su Zauna a Makaranta?

Tambaya: Ni malamar firamare ce a Gusau. A unguwarmu akwai iyalan da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukansu. Mun sa yaransu a rajista, amma kafin zangon karatu ya ƙare da yawansu sun daina zuwa. Na ji ƙungiyoyin agaji na ba iyaye kuɗi ko abinci don yara su zauna a aji. Wannan ba koya wa mutane roƙo ba ne? Tunda karatun kyauta ne, ba gara a gina azuzuwa da kuɗin ba?

Amsa: Malama, Allah ya saka miki da alheri da kika bi sawun yaran nan har kika lura da ɓacewarsu. Gaskiyarki, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare kyauta ne, kuma dole ne. Sai dai a aikace kuɗin makaranta kawai aka ɗauke wa iyaye. Yunifom, takalmi, littafin rubutu, kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, kuɗin jarrabawa, duk suna nan a wuyan uba. Ga mutumin da ya baro gona da rumbu da dabbobi ya kwana a kangon wani, waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne.

Akwai kuma asarar da ba a rubuta ta a rasit. Yarinyar da ke zaune a ajinki da safe ita ce da za ta ɗauki farantin gyaɗa ko awara ta zaga tasha, cinikinta kuma shi ne cefanen dare. Yaron kuwa yana tura kurar ruwa ko dako a kasuwa. Idan uwa ta ce miki "Malama, in ta tafi makaranta me za mu ci?" ba ƙin boko take yi ba, lissafi take yi, kuma lissafinta daidai ne. Wannan giɓin tallafin kuɗi yake cikewa. An gwada shi a jihohin Sakkwato da Neja ƙarƙashin shirin ilimin 'ya'ya mata na UNICEF da gwamnatin Birtaniya, inda aka riƙa ba mai kula da yarinya naira 5,000 duk wata uku, kuma yawan 'yan matan da ke shiga makaranta ya ƙaru. A ganina wannan ba roƙo ba ne. Ana biyan uwa ladan tallar da ta haƙura da ita ne.

Abinci ma haka. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, ke ma kin san yadda yaron da bai karya ba yake kifa kai a kan benci kafin a fita tara. Gwamnatin tarayya ta fara ciyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku a 2016, aka dakatar da shirin a farkon 2024, kuma yaran talakawa ne suka fi jin zafin tsayawarsa.

Ki dubi abin da Barista Zannah Mustapha ya yi a Maiduguri. A 2007 ya buɗe makarantar Future Prowess da marayu 36. Bai tsaya ga aji da allo ba: ya haɗa da abinci, yunifom da magani, ya kuma taimaka wa iyayensu mata da suka rasa mazaje su kama sana'a. Ya karɓi 'ya'yan waɗanda aka kashe a rikicin Boko Haram daga kowane ɓangare, suka zauna a aji ɗaya. Wannan aikin ne ya sa hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabo ta Nansen a 2017.

Amma kada in bar ki da tunanin kuɗi ne maganin komai. Yaro ɗan shekara 13 da ya yi shekaru a gudun hijira, a zaunar da shi da 'yan shekara shida, kunya kaɗai ta isa ta kore shi. Don irinsu aka tsara manhajar gaggawa ta hukumar NERDC, wadda ke dunƙule karatun shekara tara cikin uku. Waɗanda suka tsallaka iyaka kuwa, kamar mutanen Sakkwato, Zamfara da Katsina da suka kwarara jihar Maraɗi tun 2019, sun tarar da 'yan'uwa masu jin Hausa, amma karatun aji da Faransanci ake yi. Ga kuma firgici: yaron da ya ga an kashe nasa, tsawa ɗaya ko bulala ta isa ta sa gobe ba za ki gan shi ba.

Azuzuwa ana buƙatarsu, ba musu, musamman inda baƙi suka ninka yawan ɗalibai. Amma ke kanki shaida ce cewa yaranki sun samu wurin zama, kuma suka tafi.

Abin da ke hannunki, Malama, shi ne ki ɗauki rajistar nan ki fitar da sunan duk wanda ya yi mako bai zo ba, ki kai wa shugaban makaranta da kwamitin kula da makaranta. Ku je gidajen tare da mai unguwa, ku tambayi kowace uwa abin da ya hana. Ku roƙi a yafe musu kuɗin ƙungiya, a bar su su shigo da kayan gida har a samu yunifom, kada kuma rashin takardar haihuwa ya sa a mayar da yaro. Sannan ku kai jerin sunayen ga liman da masu hannu da shuni na unguwa, domin marayu da waɗanda aka raba da gidajensu suna da haƙƙi a zakka da sadaka. Kada ku jira sai wata ƙungiya ta zo kafin ku fara.