Baƙo A Gidanka: Yadda Za Ka Tsare Lafiyarsa Da Taka

Ƙasarmu ta Adar ta saba da tafiya. Bayan girbi samarin Ibohamane da Keita da Buza sukan tafi cin rani Abijan ko Libiya. Wasu kuma tilas ce ta kawo su wurinmu. A 2012 yaƙi ya koro mutanen Mali zuwa jihar Tawa. Daga baya 'yan bindiga suka koro mutanen Sakkwato zuwa Bangi, a yankin Madawa.

Wataƙila ka ji ana cewa, "Baƙi ne masu kawo cuta." Kada ka ƙi baƙo saboda wannan magana. Cuta tana samun ƙarfi inda mutane suka cunkushe ɗaki guda, ruwa ba tsabta, yara kuwa ba rigakafi. Waɗannan abubuwa ana iya gyara su. Ka tuna, Yesu kansa ya yi gudun hijira zuwa Masar yana jariri.

1. Ƙyanda. Idan yaro ɗaya ya kamu, cikin yara goma marasa rigakafi da ke tare da shi, wajen tara za su kamu. Ranar da baƙi suka sauka, ka tambayi uwar yara da hankali ko an yi musu allura. In ba a yi ba, ka raka ta gidan likita. Ana yin ta fari a wata tara, ta biyu kuma bayan yaro ya shekara.

2. Kwalara. Ta shiga jihar Tawa a 2021. Tana bin ruwa da abincin da kashi ya taɓa, tana iya kashe babban mutum kwana ɗaya, gama tana tsotse ruwan jiki. A tafasa ruwan sha, a rufe tulu. A wanke hannu da sabulu bayan an zaga, da kafin cin tuwo. In zawo ya kama wani, ka zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Ya riƙa kurɓa a hanya, ku nufi likita nan da nan.

3. Tarin fuka. Ɗanka da ya komo daga cin rani, in tarinsa ya wuce mako biyu, yana rama, yana zufa da dare, a auna majinarsa. Yana warkewa, amma sai an sha magani wata shida ba fashi. Ya kwana inda iska ke shiga, nesa da ƙananan yara.

Tambayoyi don iyali: Ina katin rigakafin yaranmu? Wa ke rufe tulunmu? Akwai baƙo a unguwarmu da bai san hanyar gidan likita ba? Gobe da safe ka je ka nuna masa.