Me Zan Saya Mata Ta Karanta a Hutun Sallah?

Tambaya: Anti, 'yata ta dawo hutun Sallah, kullum tana kan waya. Wane littafin labari zan saya mata wanda babu batsa? Daga wata uwa a Malumfashi.

Amsa: 'Yar'uwa, ba sai kin yi nisa ba. Ga Funtuwa nan kusa da ke, garin marubuciya Hajiya Bilkisu Ahmed Funtuwa, Anti Bilki. Ki fara da littafinta Allura Cikin Ruwa, soyayya ce da kunyarta.

In tana jin Turanci, akwai labaran soyayyar Amish, wasu manoman Amurka da har yau keken doki suke hawa, matansu na rufe kai. Rayuwarsu za ta tuna mata da kakar masara a ƙauyukanmu. Sai dai Kiristoci ne, wasu labaran ma na Kirsimeti ne, ki duba tukuna. Ni dai na fi son Miss Marple ta Agatha Christie, tsohuwar ƙauye mai saƙa, wadda ke gano mai laifi daga hirar maƙwabta.

Kada ki ƙwace wayar. Ki ajiye littafin kan tabarmarta, bayan tuwon dare ki ce ta karanto miki.