Tarihin Baka da Haƙƙin Baƙi: Darasi Domin Wayar da Kan Jama'a

Gabatarwa

A kowace ƙasa ta duniya akwai mutanen da suka baro garuruwansu na haihuwa suka zauna cikin waɗansu. Wani fatauci ya fito da shi, wani neman ilmi, wani kuwa yaƙi ko yunwa suka koro shi. Hukumomi sukan rubuta sunayen irin waɗannan baƙi a kan iyaka, su ba su lamba, su buga musu hatimi. Amma takardar hukuma ba ta faɗin abin da ya raba mutum da gida, ko wahalar da ya sha a hanya, ko irin karɓar da ya samu da ya sauka. Wannan darasi zai bayyana yadda ake tattara irin waɗannan labaru daga bakin masu su, da yadda yin haka ya taimaka wajen ƙwato haƙƙin waɗanda aka zalunta.

Mene ne Tarihin Baka?

Tarihin baka shi ne a zauna da mutumin da ya ga abu da idonsa, ko abin ya faru a kansa, a yi masa tambayoyi cikin natsuwa, a ɗauki maganarsa a rakoda, sa'an nan a rubuta ta a ajiye inda masu bincike za su same ta. Ya bambanta da labarun kaka da kakanni waɗanda aka gada baki da baki, domin a nan mai ba da labarin shi ne shaida.

Karɓar labari daga bakin mutane tsohon abu ne, amma an fara tsara shi a matsayin aikin jami'a a 1948, sa'ad da masanin tarihi Allan Nevins ya buɗe ofishin tarihin baka a Jami'ar Columbia ta birnin New York. Da farko manyan mutane aka fi zuwa wurinsu, watau 'yan siyasa da attajirai. Daga baya masana suka lura cewa manya suna da takardu da jaridu masu ba da labarinsu, talaka da baƙo kuwa in ba a je an tambaye su ba, labarinsu da su za a binne shi. A ƙasar Hausa ma an yi irin wannan aiki tun da wuri. Tsakanin 1949 da 1950 Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa a lardin Zariya, ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta, aka buga shi a 1954 da sunan Baba ta Karo.

A Amurka, baƙi fiye da miliyan 12 suka shiga ƙasar ta tsibirin Ellis tsakanin 1892 da 1954. A 1973 aka fara neman waɗanda suka rage daga cikinsu ana ɗaukar maganarsu, har aka tara hira kusan 2,000. Daga cikin waɗannan hirarraki ne 'yan baya suke jin yadda mutum yake ji in yana tsaye a layi gaban likita, yana tsoron kada a ce ba shi da lafiya a mayar da shi inda ya fito.

Misali na Farko: Japanawan Amurka

A ranar 7 ga Disamba 1941 sojojin Japan suka kai hari a kan sansanin jiragen ruwan Amurka da ke Pearl Harbor. Bayan wata biyu, ranar 19 ga Fabrairu 1942, Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a kan Umurni mai lamba 9066. Da wannan umurni aka kwashe mutane kimanin 120,000 'yan asalin Japan, yawancinsu daga jihohin yammacin ƙasar, aka tsare su a sansani goma masu shingen waya. Kusan kashi biyu cikin uku nasu haifaffun Amurka ne, watau 'yan ƙasa. Iyayensu kuwa doka ce ta hana su zama 'yan ƙasa, ba a kau da wannan hani ba sai a 1952. Ba a gurfanar da su gaban alƙali ba, ba a kuma tuhume su da wani laifi ba. Abin da mutum zai iya ɗauka da hannunsa kaɗai aka yarda ya tafi da shi, saboda haka da yawa suka sayar da gonaki da kantuna a wulaƙance. Kafin a gama gina sansanonin, waɗansu iyalai a ɗakunan dawaki na filayen sukuwa aka ajiye su.

Da yaƙi ya ƙare aka sake su, sai yawancinsu suka yi gum da bakinsu. Kunya da baƙin ciki suka hana su gaya wa ko 'ya'yansu abin da ya faru. Jikoki da 'ya'ya ne suka riƙa tambaya, har maganar ta kai majalisar dokoki. A 1980 majalisar ta kafa hukumar bincike, a 1981 kuma hukumar ta zagaya manyan birane tana sauraron shaidu. Mutane fiye da 750 suka yi magana a gabanta. Tsofaffi da suka yi shekara kusan arba'in ba su ce uffan ba suka tashi a bainar jama'a suka faɗi abin da suka yi asara, waɗansu suna magana suna hawaye.

Ba maganar baka kaɗai hukumar ta dogara da ita ba. Wata mai bincike, Aiko Herzig-Yoshinaga, wadda ita ma an tsare ta a sansanin Manzanar, ta tono takardun gwamnati a ɗakin ajiyar tarihi na ƙasa, waɗanda suka nuna cewa an sake fasalin rahoton soja domin a ɓoye ainihin dalilin kwashe mutanen. Shaidar baki da shaidar takarda suka haɗu suka ƙarfafa juna. A 1983 hukumar ta bayyana cewa babu wata larurar yaƙi da ta wajabta tsarewar. Ta ce ƙiyayyar launin fata, da ruɗanin yaƙi, da gazawar shugabanni su ne suka jawo ta. Ranar 10 ga Agusta 1988 Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu a kan dokar da gwamnati ta nemi gafara a cikinta, aka kuma yanke diyyar dala 20,000 ga kowane wanda aka tsare da yake raye. An fara biya a 1990, mutane fiye da 82,000 suka karɓa. Waɗanda suka rasu kafin dokar ba su ga wannan rana ba.

Misali na Biyu: Baƙin Windrush a Ingila

Ranar 22 ga Yuni 1948 ɗaruruwan mutane daga Jamaika da sauran tsibiran Karibiyan suka sauka daga jirgin ruwa mai suna Empire Windrush a tashar Tilbury, kusa da Landan. Su da waɗanda suka biyo bayansu sun zo ne a matsayin talakawan daular Ingila, suka yi aiki a asibitoci da jiragen ƙasa da masana'antu. Dokar shige da fice ta 1971 ta ba waɗanda suka riga suka zauna kafin 1973 izinin zama na dindindin, amma ba a ba kowa takardar shaidar haka ba. Yara da yawa ma da fasfon iyayensu suka shigo.

A 2010 ma'aikatar cikin gida ta lalatar da katunan saukar da aka rubuta sunayensu a kai. Daga 2012 kuma gwamnati ta tsananta wa baƙi marasa takardu, aka ce sai mutum ya nuna shaida kafin ya sami aiki ko gidan haya. Nan take mutanen da suka yi shekara hamsin a ƙasar suna biyan haraji suka wayi gari ana ce musu su baƙin haure ne. Waɗansu suka rasa aiki, waɗansu aka hana su magani, waɗansu aka tsare su, aƙalla mutum 83 kuma aka fitar da su daga ƙasar bisa kuskure.

Kowannensu yana zaton shi kaɗai abin ya sama. Daga ƙarshen 2017 wata 'yar jarida ta jaridar Guardian, Amelia Gentleman, ta riƙa zama da su ɗaya bayan ɗaya tana buga labarunsu. Cikinsu har da wata mata da ta zo daga Jamaika a 1968 tana 'yar shekara 10, aka kuma tsare ta za a mayar da ita ƙasar da ba ta sake takawa ba tun ƙuruciya. Da labarun suka taru, sai ta bayyana cewa tsarin ne da kansa yake da aibi. A watan Afrilu 2018 ministar cikin gida Amber Rudd ta yi murabus, a 2019 aka buɗe shirin biyan diyya, ko da yake an yi ta kuka da jinkirinsa. Darasin da ke nan shi ne, in takarda ta ɓace, abin da ke cikin ƙirjin mutane ne yake saura.

Abin da ya Shafi Nijeriya

Nijeriya ta ɗanɗana wannan al'amari ta fuska biyu. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta Ghana ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar ƙasar, dubban Yarabawa da Hausawa mazauna zango suka dawo, cikinsu har da waɗanda a can aka haife su. A watan Janairu 1983 kuwa Nijeriya ce ta kori baƙi marasa takardu, aka ƙiyasta 'yan Ghana kimanin miliyan ɗaya suka fita. Yawancin waɗanda suka ga abin da ya faru a 1969 sun tsufa, kullum kuma raguwa suke yi.

Haka nan akwai zuriyar waɗanda suka yi hijira zuwa gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin Maiwurno a bakin kogin Nilu a Sudan, da unguwannin Hausawa irin su Sabo ta Ibadan da Agege ta Legas, da kuma sabon gari na biranen Arewa inda 'yan Kudu suka zauna shekara da shekaru. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan al'ummu tana da dattawan da suka san yadda aka zo, da wanda ya ba da masauki, da yadda aka sasanta rigingimun da. Sanin wannan yana rage zargi tsakanin baƙo da ɗan gari.

Yadda Ake Gudanar da Aikin

Na farko, neman izini. Wajibi ne a bayyana wa mai ba da labari dalilin hirar, da inda za a ajiye ta, da waɗanda za su saurare ta. Yana da ikon ƙin amsa kowace tambaya, ko ya ce a sakaya sunansa. Wannan ya fi muhimmanci ga baƙon da takardunsa ba su cika ba, domin magana zarar bunu ce, in ta fita tana iya jawo masa kamu.

Na biyu, shiri. Mai tambaya ya karanta abin da aka rubuta game da zamanin kafin ya je. Ya shiga ta hannun shugabannin unguwa, ya yi gaisuwa yadda ta kamata, ya zaɓi wuri marar hayaniya. In mai ba da labarin mace ce, sau da yawa ya fi kyau mace ta yi mata tambayoyin.

Na uku, hirar kanta. A yi ta da harshen da mutumin ya fi sakewa da shi. A fara da faɗin rana da wuri a cikin rakoda. Tambayar da ke buɗe baki ita ce irin "Baba, yaya ranar tafiyar ta kasance?" ba wadda za a amsa da i ko a'a ba. Kada a katse dattijo, kada kuma a sa masa magana a baki. In ya yi shiru, a jira shi. In abin ya yi masa nauyi, a dakata sai wani jiƙon.

Na huɗu, rubutawa da tantancewa. A rubuta maganar yadda aka faɗe ta, ba tare da gyara mata ado ba, in za a fassara kuma a ajiye ta asalin. Ɗan Adam yana mantuwa, yakan kuma haɗa shekaru biyu su zama ɗaya. Saboda haka a gwada labarin mutum da na waɗansu, da takardu irin waɗanda ke ɗakunan ajiyar tarihi na ƙasa a Ibadan da Enugu da Kaduna. Malaman hadisi sun daɗe da kafa wannan ƙa'ida ta duba wanda ya faɗi magana da wanda ya ji daga gare shi.

Na biyar, ajiya da mayarwa. Ko a kaset aka ɗauka ko a wayar hannu, a yi kwafi fiye da ɗaya a ajiye a wurare dabam dabam. A ba mai labarin da iyalinsa nasu kwafin, domin labarin nasu ne, mai tambaya amana kawai aka ba shi.

Kammalawa

Tarihin baka shi kaɗai ba ya biyan diyya, ba ya kuma soke doka. Japanawan Amurka sun jira shekara 46 kafin a nemi gafararsu, sai da lauyoyi da 'yan majalisa da masu tonon takardu suka sa hannu. Amma duk wannan bai motsa ba sai da waɗanda abin ya shafa suka buɗe baki, aka kuma sami masu saurare. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Malaman makaranta da ɗalibai da ƙungiyoyin unguwa suna iya fara wannan aiki da dattijo ɗaya na kusa da su, tun yana da rai da lafiya.

Tambayoyi Domin Nazari

1. Mene ne bambancin tarihin baka da labarun da aka gada kaka da kakanni?
2. Waɗanne dalilai uku hukumar binciken Amurka ta bayar a 1983 game da tsare Japanawa?
3. Me ya sa baƙin Windrush suka kasa tabbatar da izinin zamansu?
4. Don me ake neman izinin mai ba da labari kafin a kunna rakoda?
5. Waɗanne baƙi ne suka fi daɗewa a garin mai karatu, kuma wa ya san labarin zuwansu?