Darasi: Haɗarin Zaftarewar Tudu da Tarin Ƙasar Ma'adinai

Yawunde gari ne na tuddai, kuma da yawa daga cikin 'ya'yanmu suna zuwa neman abinci a wuraren haƙar ma'adinai, daga Betare-Oya har Nijar. Saboda haka ya kamata kowa ya san abin da ke sa tudu ya zame.

Me ke kawo zaftarewa?

Duk inda ake haƙar kwal ko zinariya, akan tsiba ƙasa da tsakuwar da ba a bukata a gefe guda. Irin wannan tsibi bai kai tudun asali ƙarfi ba, domin ba a danne shi ba. Abin da ke riƙe da shi kawai shi ne cizon da tsakuwa ke yi wa juna. Idan ruwa ya cika ƙofofin da ke tsakaninsu, sai nauyi ya ƙaru, cizon ya saki, tsibin ya kwararo kamar kunu. Yanke gindin tudu don gini ko ɗibar ƙasa, da ƙara lodi a kansa, su ma suna gaggauta faɗuwarsa.

A ranar 21 ga Oktoba 1966, a ƙauyen Aberfan na Birtaniya, tarin sharar kwal da aka tsiba a kan idon ruwa ya rufto wa makarantar firamare. Mutum 144 suka rasu, 116 daga cikinsu yara. A nan gida, ƙasa ta rufta wa masu zaman makoki a unguwar Damas a Nuwamban 2022, sannan a daren 8 ga Oktoba 2023 bangon wani tafki ya ɓalle a Mbankolo bayan ruwa mai yawa, laka ta share gidaje. A Ɗan Isa ta jihar Maraɗi kuwa, ramin zinariya ya rufta da mahaƙa a Nuwamban 2021.

Alamomin haɗari

Tsagewa a saman tudu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka ruwa yake.
Gindin tudu ya kumbura, ko ruwa mai laka yana tsatsowa daga cikinsa.
Bishiya ko falwaya ta karkata.
Ƙofar ɗaki ta ƙi rufuwa, ko bango ya fara darewa.

A ƙara sa ido daga Satumba zuwa Nuwamba, lokacin da ruwa ya fi yawa a Yawunde. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan alamomi, ya kwashe iyalinsa, ya sanar da mai unguwa. Kada a kwana a gindin tsibi, kada a bar yara su yi wasa a kansa, a kuma riƙa yashe magudanan ruwa.

Idan abin ya faru

A gudu ta gefe, kada a bi gangare. A kira 'yan kwana-kwana a lamba 118. Wanda aka tono, a fara share masa laka daga baki da hanci, a danne inda jini ke zuba da ƙyalle mai tsabta, kada a lanƙwasa masa wuya ko baya. Wanda ƙasa ta daɗe a kan ƙafarsa ko hannunsa, a kai shi asibiti ko da ya ce lafiyarsa ƙalau, domin naman da ya murƙushe yakan saki gubar da ke lalata ƙoda. Fitsari ya yi baƙi ko ya ragu, alama ce ta gaggawa.

Rigakafi ya fi magani. Allah Ya kiyaye mu da iyalanmu.