Tabarau Mai Nuna Abu Kamar Gaske da Koyar da Sauraron Kiɗa a Makarantun Sakandare

Akwai wani irin tabarau da ake ɗaurawa a fuska, wanda in mutum ya sa shi sai ya ga kamar an ɗauke shi an kai shi wani wuri dabam. Cikinsa akwai gilashi biyu, kowane ido da nasa, da kuma na'urar da ke lura da motsin kai. In mutum ya waiwaya dama sai ya ga abin da ke dama, sauti kuma ya zo masa daga inda mai yin sa yake. Hotunan kuwa da kyamara mai ɗaukar kowace kusurwa gaba ɗaya ake ɗaukarsu.

Asalin abin

Wani masani Ba'amurke, Ivan Sutherland, ya ƙera irinsa tun 1968, amma nauyinsa ya sa sai an rataye shi daga rufin ɗaki. A 2014 kamfanin Google ya fito da na kwali, wanda ake zura wayar hannu a ciki, sa'an nan abin ya yi araha. A 2015 babbar ƙungiyar makaɗan birnin Los Anjeles ta sa irin wannan tabarau cikin wata mota tana zaga unguwanni, mutane suna shiga suna ganin kansu tsakiyar makaɗa, Gustavo Dudamel yana jagorantar kiɗan Beethoven. Ƙungiyar Philharmonia ta Landan ta yi makamancin haka a 2016.

Amfaninsa ga 'yan makaranta

Abin da ake nufi da darasin nan shi ne yaro ya iya saurare da hankali, ya rarrabe muryar kowane abin kiɗa, ya san mai yin sa da dalilin yin sa. A rediyo kiɗa yakan zo a dunƙule. Da tabarau kuwa yaro yana iya juyawa wajen mai kalangu ya ga yadda yake matse tsarkiya a hammata har muryar gangar ta hau ko ta sauka, sa'an nan ya juya wajen mai algaita ya ga yadda yake tara iska a kumatu don kada busa ta yanke. Gani ya kori ji.

Malami yakan fara gaya wa yara sunayen kayan kiɗan, ya sa su saurara da kunne kawai. Bayan haka su sa tabarau bi da bi, kowa 'yan mintoci kaɗan, gama daɗewa da shi yakan kawo jiri. Daga ƙarshe kowa ya rubuta abin da ya ji. Lalle ne a goge gilashin kafin a miƙa wa na gaba, saboda ciwon ido.

Abin da ya shafi hakimai

Kakaki da tambari da kotso ba a jin su ko'ina sai a fada da wajen hawan salla, yara da yawa kuwa ba su taɓa tsayawa kusa da masu yin su ba. A 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ke tattalinsu, amma sana'ar makaɗan fada gado ce, in tsoho ya rasu bai koya wa kowa ba, take da kirarin da ya sani sun tafi ke nan.

Saboda haka in malaman wata makaranta sun zo neman ɗaukar hoton makaɗa, ya kamata hakimi ya lura da abu uku. Na fari, a nemi iznin Sarki kan kayan sarauta, a kuma nemi yardar makaɗan, a biya su hakkinsu. Na biyu, magatakarda ya rubuta sunan kowane makaɗi, da garinsu, da sunan taken, da ranar da aka ɗauka. Na uku, a bar kofi ɗaya a ofishin hakimi. Dalili kuwa, Google ya buɗe wa makarantu wani shiri na irin waɗannan hotuna a 2015, ya rufe shi a 2021, don haka abin da aka ajiye a hannun kamfani kaɗai ba shi da tabbas.

Har wa yau, inda makaɗi yake kusa, ya fi kyau a gayyace shi makaranta da kansa, yara su tambaye shi. Tabarau ya fi amfani ga abin da ke nesa, ko wanda ba a yi sai shekara-shekara.